Layi-Ɗaya da Injunan Surukarsa

Ku gyara zama, ga wata nan tafe. Ba daga dawa ta fito ba, daga bakin titi ta fito, daga wani shagon wanki mai injuna takwas a jere.

Akwai wani mutum mai rubuta manhajar kwamfuta, dogo siriri, mai sa gilashin da babu likitan da ya ce ya sa. Sunansa na yanka tuni ya ɓace a unguwa. Kowa Layi-Ɗaya yake kiransa, domin babu matsalar da za a kawo gabansa bai ce layi ɗaya zai rubuta ta mutu ba. Famfo ya ƙi kawo ruwa, layi ɗaya. Motoci sun cunkushe a mararraba, layi ɗaya. Ranar da matarsa ta ce ɗansu ya ƙi cin abinci ma har ya buɗe baki, ta harare shi, ya mayar ya rufe.

Ba za a ce bai taɓa ƙera komai ba, a yi masa adalci. Ya rubuta wani ɗan kunshin umarni, irin wanda 'yan sana'arsu ke ajiyewa su riƙa saƙalawa cikin manyan ayyuka, ya raɗa masa suna Kowa-da-Kowa. Aikinsa guda ne tak. Ka ba shi jerin abubuwa, ka faɗa masa aikin da kake so, shi kuma ya sa kowane abu da ke cikin jerin ya yi aikin nan. In fitilu ne ka ce su kunnu, duk su kunnu. In ƙofofi ne ka ce su rufu, duk su rufu. Abin bai kai tafin hannu ba a fuskar kwamfuta, abokan aikinsa a ofis ma suka ce ai kowa na rubuta irinsa kafin shayinsa ya huce. Shi kuwa ya ce hassada ce, ya ce wata rana a jami'a za a riƙa koyar da shi.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗakin sama. Surukarsa, uwar matarsa, ita ke da shagon wankin nan, kuma a samansa akwai wani ɗaki babu kowa, mai faffaɗar taga tana kallon titi. Layi-Ɗaya ya gama ganin kansa a bakin tagar nan bisa kujera mai juyi, shugaban kamfanin kansa. Sai dai ba shi kaɗai ke son ɗakin ba. Mai Aski, maƙwabcin shagon, ya daɗe yana zarya a kai, don shagonsa in mutum biyu suka shiga, na uku sai ya bar ƙafafunsa a waje.

Surukar mace ce mai jiki da natsuwa, ba ta ɗaga murya. In ta ce "to", sai ka tsaya ka auna wace irin "to" ce. A lokacin ta samu aikin wani otal, zannuwan gado da tawul buhu-buhu, kuma manajan otal ɗin ya ce zai zo da kansa ya ga shagon kafin ya bar mata aikin dindindin. Injunanta na zamani ne, suna karɓar umarni daga kwamfuta, kowanne kuma da siririn tiyo da yake tsotsar ruwan sabulu daga wani babban duro a bayan shago. Amma da hannu ake latsa su, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka saba.

Layi-Ɗaya ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta, ya tambayi ciniki, sannan ya shiga bayani. Ya ce abin kunya ne a wannan zamani mutum ya riƙa bin injuna yana latsawa kamar mai roƙon alfarma. Ya ce da Kowa-da-Kowa zai yi magana ɗaya, takwas ɗin su amsa, manajan otal ya ga abin da bai taɓa gani ba.

"Umma, in ban sa injunan nan sun bi umarni ɗaya a gaban manajan nan ba, ki ba wanda kika ga dama ɗakin sama."

"In kuma ka sa fa?"

"Sai ki ba ni, ɗanki."

Ta dube shi, ta dubi injunan, ta ce, "To."

Mai Aski yana bakin ƙofarsa yana kaɗe tawul, duk ya ji. Ya ce shi dai roƙonsa ɗaya, in an tashi gwajin a gaya masa ya kwashe madubansa. Layi-Ɗaya ya ce ya kwashe su tun yanzu ya kai gida, don ɗakin sama ba wurin zubar da gashin mutane ba ne. Mai Aski ya ce gashin mutane dai in ya zuba tsintsiya na kwashe shi, bai san abin da ke kwashe abin da kwamfuta ta zubar ba.

Gwaji na farko da hantsi aka yi shi. Layi-Ɗaya ya ɗora kwamfutarsa a kan teburin ninke kaya, ya jera injunan takwas cikin jeri guda, ya miƙa yatsu suka yi ƙara. Ya rubuta layinsa, ya ce kowa ya fara wanki, ya danna.

Takwas ɗin kuwa suka amsa, a tare, cikin numfashi guda. Aka ji wani gurnani, fitilu suka yi ja, sai ɗif. Wuta ta ɗauke a shagon, ta ɗauke a shagon Mai Aski, ta ɗauke har kantin magani da ke ƙarshen layi.

Ba a jima ba Mai Aski ya shigo riƙe da hannun wani direban bas, ƙato, an aske masa rabin kai tas, ɗaya rabin na nan kamar ciyawar da ba a nome ba. Direban bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi yana da fasinjoji suna jira a tasha, a nuna masa wanda zai bi shi ya yi musu bayani. Mai kantin magani ta zo tana cewa firjinta cike yake da allurai. Mai Faci, da ke gyaran taya a tsallaken titi, ya zo riƙe da tiyon iskarsa da ya mutu a hannu.

Layi-Ɗaya ya gyara gilashi ya ce su kwantar da hankali, abin da suka gani shaida ce ta ƙarfi. Ya ce a tarihin sana'arsu ba a taɓa yin layi ɗaya da ya girgiza unguwa guda ba. Direban ya ari hula a wurin Baba Mai Guga, tsohon da ke goge kaya a shagon, ya tafi yana waiwaye.

Gyaran bai yi wuya ba. Layi-Ɗaya ya sa Kowa-da-Kowa ya daina kiran injunan a tare, ya riƙa binsu ɗaya bayan ɗaya, sai wannan ya amsa a wuce ga na gaba. Washegari aka cika su da zannuwan otal. Ya gargaɗi Baba Mai Guga cewa kada kowa ya taɓa komai, ko da me zai faru, yanzu injuna ba sa bukatar hannun ɗan Adam. Ya danna. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi, wuta ba ta ko ƙifta ba. Bai tsaya ganin saura ba, ya fice ya shiga shagon Mai Aski ya zauna a kujerar jira, ba don aski ba, don dai ya faɗi kalar fentin da zai yi wa ɗakin sama.

Ya daɗe yana magana. Ya yi wa masu jiran aski bayanin jeri, ya yi musu bayanin umarni, ya ce har su ɗin nan da ke zaune jeri ne, da za a ba shi dama da an gama da su tuntuni. Da rana ta karkata ya koma shago yana tafiyar ƙasaita.

Ya tarar injuna biyu sun gama, shida suna tsaye, kayan cikinsu a bushe kamar yadda aka zuba su. Bakin wani tawul ne ya maƙale a ƙofar na uku, ƙofar ba ta rufu ba, injin ya ƙi amsawa, Kowa-da-Kowa kuwa ya tsaya cak a kansa bai wuce ba. Baba Mai Guga na zaune a gefe ya harɗe hannu. Ya ce tun safe ya ga tawul ɗin, har ya miƙa hannu, sai ya tuna an ce injuna ba sa bukatar hannun ɗan Adam, ya mayar da hannunsa aljihu.

Surukar ta nufi injin na uku. Ta tura tawul ɗin da ɗan yatsa, ta rufe ƙofar, ta bi sauran tana latsawa. A gida matar Layi-Ɗaya ta ce masa ya rufa mata asiri ya bar injunan uwarta, ko ɗakin girki ne za ta raba masa biyu ya buɗe kamfanin. Ya ce manyan masu ƙirƙira duk haka iyalansu suka yi ta ce musu.

A ofis ya zauna yin gyara na biyu. Hanya biyu ce a gabansa. Ko dai in wani inji ya ƙi amsawa a tsallake shi, a riƙe sunansa, a dawo kansa daga baya, wanda zai ci ƙarin layi uku ko huɗu. Ko kuwa in wani ya ƙi, a koma farkon jeri a sake bi tun daga na ɗaya, a yi ta yi har sai kowa ya amsa, wannan kuwa yana shiga cikin layi ɗaya ba tare da ya tanƙwara ba. Wata abokiyar aikinsa ta leƙo ta bayan kafaɗarsa ta tambaye shi me zai faru in akwai wanda ba zai taɓa amsawa ba. Ya ce babu irin wannan injin. Ta ce ya gwada dai. Ya ce shi ba ya gwada abin da ya fito daga kansa, kuma mutum ba zai yi shekaru ana kiransa Layi-Ɗaya ba, rana tsaka ya koma Layi-Huɗu saboda tawul.

Ranar zuwan manaja, Layi-Ɗaya ya mayar da abin taro. Ya gayyaci maƙwabta. Ya aro kujeru, har da babbar kujerar aski, wadda Mai Aski ya bayar da hannu biyu bisa sharaɗin shi zai zauna a kanta a sahun gaba. Ya aro lasifika da makirfo, don ya ce irin wannan jawabi bai kamata ya tsaya a cikin shago ba. Da ya rasa inda zai jona lasifikar, ya laluba bayan injuna ya zare wata waya daga soket ya cusa tasa, bai ko duba ta mene ce ba.

Manajan ya iso, gajere mai tsabta, takalminsa na ƙyalli, ya gaisa da surukar cikin girmamawa ya zauna. Aka cika injuna da zannuwan otal ɗinsa. Layi-Ɗaya ya ɗauki makirfo ya yi jawabi a kan tarihin wanki tun daga bakin rafi har zuwa kansa. Sannan ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a kan kwamfuta.

Na ɗaya ya ja ruwa, ya tsotsi awon sabulunsa, ya hau juyi. Na biyu ya bi, na uku ya bi, har na bakwai. Mutane suka tafa. Na takwas, can ƙurya bayan kujeru, bai ce uffan ba, domin wayarsa ce ke kwance a ƙasa. Kowa-da-Kowa ya ɗan jira shi, bai amsa ba, sai ya yi abin da aka koya masa. Ya koma kan na ɗaya ya ce fara wanki. Na ɗaya, mai biyayya, ya sake jan ruwa, ya sake tsotsar awon sabulu. Haka na biyu. Haka har na bakwai. Aka zo na takwas, shiru, aka sake komawa.

Manajan ya karkata kai ya tambayi wannan ƙarar tsut-tsut da ba ta yankewa. Layi-Ɗaya ya ce ta makirfo wannan ita ce muryar ci gaba. Baba Mai Guga ya leƙa bayan shago ya dawo ya ce duron sabulu na sauka kamar an huda shi. Layi-Ɗaya ya ce tsufa ne, ido na rage gani.

Gilashin injunan ya yi fari fat. Kumfa ta fara leƙowa ta aljihun sabulu, ta bi gefen ƙofofi, ta taso ta magudanar ƙasa. Da fari kamar wasa, ta lashi takalmin manaja. Ya ɗage ƙafa. Ta bi shi. Kafin a ce wani abu ta kai ƙauri, ta kai gwiwa, tana tahowa a hankali ba gaggawa, kamar baƙuwar da ta san gidan.

Mai Aski ya taka fedar kujerarsa ya ɗaga kansa sama, ya harɗe ƙafa.

"Injiniya, wannan ma cikin layin yake, ko kyauta ce aka ƙara mana?"

Layi-Ɗaya ya ce ƙaramin abu ne, layi ɗaya zai tsayar da su. Ya rubuta wa Kowa-da-Kowa sabon umarni, ya ce kowa ya dakata. Injuna bakwai suka tsaya cak. Ya buɗe baki zai ce kun gani, sai na takwas ya sake yin shiru, aka koma farko. Umarnin dakatawa kuwa a injunan nan kamar maɓallinsu yake, in ka latsa sau ɗaya su tsaya, in ka sake latsawa su ci gaba. Suka ci gaba. Suka tsaya. Suka ci gaba. Kowace tashi sai su yi tsalle su ɗan matso gaba, har suka fara barin jikin bango suna nufo kujerun baƙi, kafaɗa da kafaɗa.

Taro ya watse. Mai kantin magani ta ce tun da ya taɓa lasifikar nan abin ya lalace, a cire ta. Layi-Ɗaya ya rungume makirfo ya ce kada wanda ya taɓa, da ita zai kwantar da hankalin jama'a. Don haka duk unguwa ta ji shi, har tsallaken titi, yana cewa komai na tafiya yadda aka tsara, sannan ta ji shi yana cewa wayyo kwamfutata, domin teburin ya kife, ta nutse cikin kumfa tana ci gaba da ba da umarni daga can ƙasa. Ya bi ta da rarrafe, ya ɓace gaba ɗaya, sai muryarsa ke fitowa daga lasifika yana tari yana roƙon a daina taka shi.

Kumfa ta fita ƙofa ta sauka titi. Yaran makaranta da ke wucewa suka jefar da jakunkuna suka faɗa ciki. Mai Faci ya fara gangaro da tsofaffin tayoyinsa yana cewa tun da ya buɗe sana'a ba a taɓa wanke su ba. Wani mai babur ya shiga ta wannan gefe saurayi, ya fito ta wancan da farin gemu har ƙirji. Manajan otal ya yi yunƙurin fita da mutuncinsa, santsi ya kwashe shi, ya zauna daram cikin kwandon tawul, kwandon ya ɗauke shi ya fita da shi har bakin kwalbati.

Surukar ta tattare zaninta, ta ratsa kumfa ba ta ko yi sauri ba, ta kai hannu kan babban makunnin wutar shago ta ja shi ƙasa. Komai ya yi tsit. Ba ka jin komai sai kumfa na fashewa a hankali.

Da ta ɗan lafa, Layi-Ɗaya ya fito daga ƙarƙashin tebur, gilashi a karkace, kwamfuta na ɗigar ruwa a hammatarsa. Ya fara bayanin cewa akwai wani maƙiyi da ya yi wa na takwas zagon ƙasa, kuma zai gano shi. Mai Aski ya sauko daga kujera, ya bi wayar lasifika da hannu, jama'a na biye da shi da ido, har zuwa soket ɗin bayan na takwas. Ya tsugunna ya ɗago wayar injin daga ƙasa, ya riƙe su biyu a sama. Mai Faci ne ya fara dariya, sai ta kama kowa, har manajan da ke matse ƙafar wandonsa.

Manajan ya ce wa surukar shi dai zannuwansa yake so a ɗauraye, kuma zai bar mata aikin in ta yi masa alkawarin da hannu za a riƙa latsa injunan nan. Ta ce ta yi. Sannan ta kwance mabuɗi daga bakin zaninta, a gaban kowa, ta miƙa wa Mai Aski.

"Umma, ai bakwai cikin takwas sun amsa," in ji Layi-Ɗaya.

"Sun amsa, ɗana, har sun gaji da amsawa. Kai ka aro kujerar mutumin nan, sai ka mayar masa. Sama ya koma."

Haka ya ɗauki kujerar aski a ka, ya hau bene da ita yana nishi, Mai Aski na gaba yana ce masa ya kula da fenti. Suka ajiye ta daidai bakin faffaɗar tagar nan. Layi-Ɗaya ya tsaya yana haki, yana kallon titi, inda matarsa da Baba Mai Guga ke korar kumfa da tsintsiya. Sai idonsa ya sauka kan injunan aski uku da Mai Aski ya jera a kan tebur. Ya gyara gilashi. Ya ce ai da za a haɗa su cikin jeri guda, a zaunar da mutum uku...

Mai Aski ya tattara injunan ya zuba a jaka ya rataya a wuyansa. Ya zaro almakashi da mataji, ya ce wannan ba ya karɓar umarni daga kowa, kuma sabulu ya daskare a gashin Injiniya har ya yi ƙaho, ba zai bar surukin mai gida ya sauka titi a haka ba. Ya kaɗa ƙyalle ya ɗaura masa a wuya.

Layi-Ɗaya ya zauna a kujera mai juyi, a ɗakin sama, a bakin taga. Ya ɗaga haɓa ya dubi titi daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya ce wurin ya yi daidai da yadda ya lissafa, iska ma ta nan ya ce za ta riƙa shigowa.

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Mai Aski. "Sunkuyar da kai."